Haɗa lissafin kasuwa wuri guda: wace manhaja ta dace da ɗan kasuwar Potiskum?

Ranar Laraba a kasuwar shanu ta Potiskum, cinikin dillali ɗaya kan watse gida huɗu: wani ya biya ta POS ɗin Moniepoint, wani ya turo ta OPay, mai saye daga Legas ya aiko saƙon murya a WhatsApp, bashi kuma yana cikin littafi. Manhajar haɗa bayanai ita ce ke tattaro waɗannan wuri guda, ta nuna abin da ya shigo da wanda ya maƙale.

Kafin ka zaɓa, fara tambayar ko tana aiki idan intanet ta ɗauke. A ganina wannan ya fi komai, domin ciniki ba ya jiran sabis. Sai kuɗinta: irin su Zapier da dala ake biya, nauyinsu na ƙaruwa duk lokacin da naira ta faɗi. Mai ƙaramin jari zai iya sauke bayanan asusunsa na banki ya zuba a Excel kowane mako, ya wadatar.

Lambobin wayar abokan ciniki da za ka zuba a manhajar kuwa amana ce. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe su alhakin tsare su.