Ƙaramar Bindiga Mai Araha: Ina Ake Samunta a Bagama?

Shirinmu na musamman yau yana unguwar Bagama ne a cikin garin Suleja, kuma maganar da muka ɗauko ita ce wadda ake yi ƙasa-ƙasa a majalisa bayan sallar isha'i, idan labarin satar mutane ya sake fitowa daga hanyar Kaduna ko ƙauyukan Tafa. Sai ka ji wani ya rage murya ya ce: "Ni fa da zan samu 'yar ƙarama, mai sauƙin kuɗi, wadda ba ta ƙin tashi, da na ajiye a gida." 'Yar ƙarama, wato fistol ko libarba.

Ba za mu yi wa mai wannan magana dariya ba. Wanda ya ga an kwashe ɗalibai a Kagara a watan Fabrairun 2021, aka sake kwashe yaran Islamiyya sama da ɗari a Tegina a watan Mayun 2021, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, ai dole ya yi tunanin iyalinsa. Mutumin Suleja kuma bai manta da daren watan Afrilun 2024 ba, lokacin da ruwan sama ya rushe katangar gidan yari fursunoni sama da ɗari suka fice. Tsoron na gaske ne.

To amma bari mu buɗe doka, don a nan ne na ga abin da ya tsayar da ni. Dokar bindigogi da Najeriya ke aiki da ita tun 1959 aka yi ta, kafin samun 'yancin kai. Ta raba bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne na haramtattu, kuma ku saurari jerin da kyau: igwa, makaman roka, bamabamai da gurneti, mashinga, bindigogin soja. Sai kuma a cikin wannan jeri, kafaɗa da kafaɗa da igwa, aka rubuta libarba da fistol. Ba a tsaya nan ba, har tsohuwar fistol ta zamanin kakanni, mai tashi da ƙyastu, an ambace ta da suna. Abin da zai ɓace a aljihun babbar riga, doka ta zaunar da shi layi ɗaya da igwa. Wa ke ba da lasisin wannan gida? Shugaban ƙasa. Ba DPO ba, ba kwamishina ba, ba gwamna ba. Shugaban ƙasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Doguwar bindiga ana ganinta daga nesa. 'Yar ƙarama kuwa da ita ake shiga kasuwa, a shiga mota, a shiga ɗaurin aure, ba wanda ya sani. Kuma wannan tunani ya girmi 1959. Tun a taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka amince a tsakaninsu cewa ba za a bar bindigogin zamani su yaɗu a hannun 'yan Afirka ba, sai dai irin ta toka da albarushi. Su ba don lafiyarmu suka yi ba, don mulkinsu ne. Amma ƙashin bayan tsarin ya zauna har yau.

Sauran gidaje biyun mu bi su da sauri. Na biyu shi ne bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko baki biyu, lasisinta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wannan kwamishinan 'yan sandan jiha ke iya ba da izininta. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tayar da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Kuma ko wannan ƙofa ma, a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ce an dakatar da ba da lasisi.

Saboda haka idan ka ga matasa suna kallon bidiyo a YouTube, wani Ba'amurke ya jera Glock da Taurus a kan tebur yana cewa wannan ta fi araha, waccan ta fi ƙarko, ka tuna cewa yana magana ne daga ƙasar da kotun ƙolinta ta yanke a 2008 cewa ajiye ƙaramar bindiga a gida haƙƙin mutum ne. Ko Birtaniya ba haka take ba. Ta haramta su a 1997 bayan an kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane. A Suleja babu shagon da za ka shiga ka taya fistol a ba ka rasit. Babu.

Abin da ake samu shi ne ƙirar gida, wadda wani maƙeri ya haɗa a ɓoye da guntun bututun ƙarfe, ya yi mata walda, ya sa mata waya a madadin abin da ke mayar da kunama. Ita ce mai araha ɗin. Bututun ruwa ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin harsashi ba. Wata ta ƙi tashi ranar da ake bukata, wata ta tashi ranar da ba a bukata, a ƙarƙashin katifa, a hannun yaro ɗan shekara bakwai da ya je neman kuɗin alawa. Wata kuma ta fashe ta tafi da yatsun mai ita. Idan kuma aka tare ka da ita a shingen bincike wajen Madalla ko Dikko, dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. Naira 20,000 ta 1984 ce, amma shekara 10 ba ta rage daraja ba. Araha dai ba ta ado.

Wani zai ce, ai manya da kansu sun ce mu kare kanmu. Gaskiya ne. Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a 2018. Gwamna Aminu Bello Masari ya faɗa a Katsina a 2021. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19 don masu neman bindiga, sai babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ni abin da na lura da shi, duk mai wannan kira yana da 'yan sanda a ƙofar gidansa. Ranar da aka kama talaka da bindiga, ba na jin jawabin gwamna zai tsaya masa a gaban alƙali. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris 2025, suna hanyar komawa Kano yin sallah, bindigogin toka ne aka gani a motarsu, kuma hakan bai hana a yi musu abin da aka yi ba.

Haƙƙin kare kai yana nan, sashe na 33 na tsarin mulki ya san da shi, haka ma dokar Penal Code. Kare kai daban, mallakar fistol daban.

Ana nuna mini agogo, don haka a taƙaice. Kuɗin da za a kai wa maƙerin ɓoye, a kai wa mai walda na fili ya yi ƙofar ƙarfe mai sakata uku. A sa fitilar sola a bakin lungu. A biya kuɗin 'yan banga na wata a kan lokaci, kuma a tabbatar mai unguwa da ofishin 'yan sanda sun san su da sunayensu. A raba usur gida-gida, a ajiye lambar 112 da ta maƙwabta uku a wayar uwargida, ba ta maigida kaɗai ba. Wanda kuma ya gaji bindiga a ɗakin mahaifinsa, ya je da mai unguwa ya miƙa ta ga hukuma tun kafin wani ya kai rahotonsa.

Mako mai zuwa za mu zauna da 'yan sintirin unguwa mu ji nawa ake tara musu da yadda suke raba dare. Ku kasance da mu, ga labarai nan tafe.