Ganga Da Bututai: Yadda Ake Musayar Zafi A Matatar Mai

A shekarun 1980, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram ke cikin Jihar Kano, galibin fetur da kananzir da ake sayarwa a garuruwan nan biyu daga Matatar Mai ta Kaduna suke fitowa, su biyo ta ma'ajiyar mai ta Hotoro da ke Kano. Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ne ya gina matatar, aka buɗe ta a 1980.

Daga cikin na'urorin irin wannan matata akwai wadda ba a cika ambatonta ba, watau tukunyar musayar zafi. Doguwar gangar ƙarfe ce a kwance, an jera ɗaruruwan siraran bututai a cikinta. Ɗanyen mai ya bi ta ɗaya ɓangaren, man da ya fito daga tacewa da zafinsa ya bi ta ɗayan. Ba sa gauraya ko kaɗan. Zafin ne kawai ke ratsa jikin bututan. Akwai kuma farantan ƙarfe da aka gitta cikin gangar domin su tilasta wa man ya riƙa kai da komo a kan bututan, kada ya wuce salin alin. Ta haka ɗanyen mai kan isa murhu da ɗuminsa, sai a rage makamashin da za a ƙona kafin ya kai wajen digiri 350.

Babbar abokiyar gābar wannan tukunya ita ce dauɗa. Mai karatu ya duba cikin butar shayi da ta daɗe tana aiki, zai ga farin ɓawo ya manne. Irinsa, haɗe da tsatsa da dasƙararren mai, ke lulluɓe bututan har zafi ya kasa ratsawa. Ma'aikata kan gane haka in ma'aunin zafi ya sauka, matsi kuma ya hau.

Lokacin babban gyara sai a zaro damin bututan gaba ɗaya, a wanke su da ruwa mai tsananin ƙarfi, a mayar, sa'an nan a cika da ruwa a matsa don gano yoyo. Bututun da ya huje akan toshe bakinsa biyu a bar shi a wurin. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka: in toshe-toshen suka yi yawa, dole a sake damin dungum. Jinkirta irin wannan gyara na cikin abubuwan da suka durƙusar da matatar Kaduna.