Dawowar Almasihu da Bishara a Aƙidar Kirista

Kiristoci sun yi imani cewa Yesu Almasihu zai dawo duniya, ya ta da matattu, ya yi wa kowa shari'a. Sun haɗa wannan bege da bishara, wato labari mai daɗi na ceto ta wurin mutuwarsa da tashinsa, domin sura ta 24 ta Littafin Matiyu ta nuna cewa sai an yi wa dukkan al'ummai wa'azinta kafin ƙarshe ya zo.

Saɓanin malamansu ya fi ƙarfi a kan mulkin shekara 1,000 da Wahayin Yahaya ya ambata: Agustin ya ɗauke shi a matsayin kwatancin zamanin ikkilisiya, yayin da John Nelson Darby, a ƙarni na 19, ya koyar da fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama kafin matsananciyar wahala. Masu ƙayyade ranar dawowar Almasihu kuwa ba su da madogara, tunda Littafin Markus ya ce Allah Uba kaɗai ya san sa'ar. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira dawowarsa a ranar 22 ga Oktoba, 1844, amma ranar ta wuce ba abin da ya faru.