Ba Kowane Jirgi Mai Tangal-tangal Ne Zai Nutse Ba

Na gaji da wani irin bidiyo da ke dawowa WhatsApp da Facebook duk bayan 'yan watanni. Za ka ga ɗakin cin abinci na wani katafaren jirgin ruwa, tebura da kujeru suna sulalewa daga wannan bango zuwa wancan, faranti na tarwatsewa, wata tsohuwar Baturiya ta ƙanƙame ginshiƙi da hannu biyu. A ƙasa sai wani ya rubuta: "Innalillahi, jirgi ya nutse da mutum dubu uku, ba wanda ya tsira." Wani ya ɗora sautin kuka, wani ya ce a Bamuda ne, wani kuma ya rantse 'yan ruwa ne suka fusata saboda giya da rawar da ake yi a ciki. Kafin la'asar ya zaga zaure goma. Ba wanda ya tambayi sunan jirgin, balle shekarar. Jama'a, in duk sun mutu, wa ya fito mana da wayar daga ƙarƙashin teku?

Jiragen da ake magana su ne na yawon shaƙatawa, waɗanda ake hawa don hutu, a kwana a ciki, a ci a sha, gari ya waye a wata tashar. Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 tsawonsa ya kai kimanin mita 365, yana iya ɗaukar fasinja sama da 7,000. Masu hali daga cikinmu sun fara hawan irinsu daga Dubai ko Jidda. Kakanninmu da suka riƙa tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin zuwa aikin hajji sun san teku a jiragen da ba su kai ko kusa ba.

Abin da nake so a cire daga zuciya shi ne cewa jirgin da ke tangal-tangal yana dab da kifewa. Nauyin jirgi a gindinsa yake: injina, tankunan mai, tankunan ruwan sha, da wasu tankunan da ake cikawa da ruwan teku takanas don daidaita shi. Benayen da kake gani sun yi tsiri sama, mafi yawansu ɗakuna ne da falo, ba su da nauyi kamar yadda ido ke zato. Idan igiyar ruwa ta karkata shi hagu, ruwa na tura gefen da ya nutsa zuwa sama, nauyin gindi kuma na janyo shi ya miƙe. Sai ya zarce ya karkata dama, ya sake dawowa. Wannan kai-komon shi ne abin da ke firgita mai kallo, alhali aikin da aka ƙera jirgin ya yi ke nan. Abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro shi ne ya karkata gefe guda ya ƙi dawowa, domin hakan kan nuna ruwa ya samu hanyar shiga. Ban da haka, manyan jiragen suna da fikafikan ƙarfe da ke fitowa daga gefensu a ƙarƙashin ruwa, kwamfuta na juya su don rage karkatar hagu da dama. Ba sa maganin ɗagawa da faɗuwar goshin jirgi, kuma sai jirgi na tafiya suke aiki. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A duba haɗurran da kowa ya sani. Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara ne a daren 14 ga Afrilu 1912, teku na kwance lumui, mutum sama da 1,500 suka halaka. Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairu 2012, ba guguwa ba komai. Matuƙinsa, Francesco Schettino, ya matsa da shi kusa da gaɓa, ya bugi dutse, mutum 32 suka mutu, shi kuma aka ɗaure shi shekara 16. To yanzu a juya. A Fabrairun 2016 Anthem of the Seas ya faɗa cikin guguwa a gabashin Amurka da mutum sama da 6,000, iska na gudun fiye da kilomita 160 a awa. Matuƙi ya ce kowa ya zauna a ɗakinsa. An yi ɓarnar kaya, an yi kuka, an yi amai, jirgi ya juya ya koma tasharsa, rahotanni suka ce mutum 4 ne suka ji ƙananan raunuka. Har yau yana aiki.

Ban ce guguwa wasa ba ce. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne labarin Viking Sky. Ranar 23 ga Maris 2019 yana ratsa Hustadvika, wani yanki mai duwatsu a gaɓar Norway, da mutum 1,373 a ciki, sai injinansa suka mutu gaba ɗaya. Baƙin man da ke tankunansu bai kai yadda masu ƙera injin suka ce a zuba ba. Da jirgi ya shiga tangaɗi, man ya riƙa gudu gefe, famfo ya zuƙi iska, injina suka kashe kansu. Jirgin da ba injin ba ya iya fuskantar igiya da goshinsa, fikafikan nan ma sun tashi aiki, sai ruwa ya riƙa dukansa ta gefe yana tura shi wajen duwatsu. Aka saki anka, saura ƙiris ya hau dutse, injiniyoyi suka samu suka tada injin. Ba a sauke kwale-kwalen ceto ba, domin a irin wannan ruwan sun fi uwar jirgin haɗari. Jirage masu saukar ungulu suka kwana suna jan mutane da igiya ɗaya bayan ɗaya, har mutum 479. Sauran suka isa garin Molde washegari a cikin jirgin nasu. Ba wanda ya mutu a ciki. Ka ga ba aljani a labarin nan, sakacin ɗan Adam ne da baƙin mai. Hatta Oceanos, tsohon jirgin da ya nutse cikin guguwa a gaɓar Afirka ta Kudu a Agustan 1991, ruwa ne ya samu kafa ta wajen injin ya cika shi a hankali, kuma an ceto duka mutum 571.

Ita kuma Bamuda, jiragen shaƙatawa daga New York suna zuwa can a kai a kai suna dawowa. Amma labarin igiyar da kan taso ita kaɗai ta ninka sauran tsawo gaskiya ne, an auna mai mita 25.6 a dandalin iskar gas na Draupner da ke cikin teku a 1995.

Illar jita-jitar nan ita ce tana sa mutum ya zuba ido ga nutsewa ya manta da abin da ke raunata mutane, wanda a cikin jirgin yake. A Nuwamban 2023 kimanin fasinja 100 suka ji ciwo a Spirit of Discovery a mashigin Biscay, tsakanin Faransa da Sifaniya, yawanci faɗuwa da buguwa. A Maris 2010 igiya ta fasa gilashin falon Louis Majesty a Bahar Rum, mutum 2 suka mutu. A ƙarshen Nuwamban 2022 ta fasa tagogin Viking Polaris a hanyarsa ta zuwa Ushuaia a Ajantina, wata Ba'amurkiya ta rasu. Duka jiragen sun koma tasha. Shi ya sa abin ke ba ni haushi in na ga mutum an ce ta lasifika kowa ya koma ɗaki, shi kuwa ya manne da gilashi da waya a hannu yana neman abin ɗorawa a TikTok. Haba ɗan'uwa! Kana da iyali fa. Ka jefa kanka, ka kuma jefa ma'aikacin da zai fito ɗaukarka.

Sai batun jiri da amai, wanda shi ma wasu ke cewa iska ce ta shafi mutum. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa motsin jiki. Kana zaune a ɗaki, ido ya ce bango a tsaye yake, kunne ya ce ana lilo da mu. Saɓanin nan ne ke kawo zufa mai sanyi, yawu ya cika baki, hamma ta yi yawa, zuciya ta tashi. Abin da ke samun wanda ya duƙufa kan waya a kujerar bayan mota ne a hanya mai ramuka. Ba ragwanta ba ce. Charles Darwin ya sha fama da shi a tafiyarsa ta shekara 5 a jirgin Beagle, haka ma Nelson, babban kwamandan sojan ruwan Ingila. Ya fi kama yara, masu juna biyu da masu ciwon ɓarin kai. Yawancin mutane jikinsu kan saba cikin kwana biyu zuwa uku.

Shiri tun daga wajen sayen tikiti yake farawa. Nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, domin goshi da baya da saman bene su suka fi lilo, ko da kuwa nan ne ɗakunan ƙawa. Duba lokaci: guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba take, ta fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, kuma a lokacin ne tikitin Karibiyan kan yi araha. Mai raunin ciki ya guji mashigin Biscay da hunturu, ya kuma guji mashigin Drake na hanyar Antaktika. Ga likita kafin ka tashi. Akwai ƙwayoyi irin su cinnarizine da dimenhydrinate, akwai kuma filastar hyoscine da ake mannawa bayan kunne ta yi kwana uku tana aiki. Dukansu kafin jirin ake amfani da su, in amai ya riga ya fara ƙwayar ma ba za ta zauna ba. Suna sa barci da bushewar baki, kuma mai hawan jinin ido, mai juna biyu da ƙaramin yaro ba sa taɓa su sai likita ya ce. Ka wanke hannu bayan ka taɓa filastar, in ta shafi ido gani zai dushe.

Idan ruwa ya fara tashi, ajiye waya da littafi. In an yarda a fita, zauna inda iska ke kaɗawa ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. In an hana, kwanta rigingine ka rufe ido, ka hana kai motsi. Kada ka ƙi cin abinci wai don kar ka yi amai, cikin da ba komai ya fi tashi. Ci burodi ko biskit kaɗan-kaɗan, kurɓi ruwa a hankali, ka nisanci maiƙo da warin taba. Citta na taimaka wa wasu. Mai ciwon suga ko mai shan maganin hawan jini da amai ya hana shi riƙe komai ya je asibitin jirgi, kada ya jira sai ya galabaita, amma ya sani kuɗi ake biya, shi ya sa inshorar tafiya ke da amfani.

Kwashe kwalaben turare, kofuna da butar shayi daga kan tebur ka zuba a aljihun durowa. Hannu ɗaya kullum a kan ƙarfen riƙo, musamman a matakala. Hajiya, a ajiye takalmi mai tsini da doguwar rigar da ke jan ƙasa sai ruwa ya lafa. Kada ka sa yatsa a bakin ƙofa, ƙofofin jirgi na da nauyi kuma suna rufe kansu da ƙarfi. Banɗaki ya fi ko'ina santsi, a yi alwala a tsanake ana dafe da bango, kuma malamai sun yi rangwamen salla a zaune ga wanda tsayuwa za ta kayar da shi. Tsofaffi da yara kada a bar su su kaɗai. Atisayen da ake yi kafin jirgi ya tashi, inda ake nuna maka wurin taruwa da yadda ake ɗaura rigar ceto, doka ce tun bayan Costa Concordia a yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi, saboda haka ka je ka saurara, ba a aika yaro. A yi addu'a, sannan a bi umarnin matuƙi.

Kuma idan ya soke tsayawa a wata tasha ko ya sauya hanya don kauce wa guguwa, kada ka je kana yi wa yaran da ke teburin karɓar baƙi hayaniya kan kuɗinka. Yana kallon rahoton yanayin da kai ba ka gani, kuma sharuɗɗan tikitin da ka amince da su ba tare da ka karanta ba galibi sun ba shi wannan damar.

Bayan an sauka, wasu kan ji ƙasa na lilo da su na kwana ɗaya ko biyu. Jiki ne ke sake sabawa da tudu, yana wucewa da kansa. In ya ɗauki makonni bai tafi ba, likitan kunne za a nema.