Idan Wayarka Ta Ɓata, Me Zai Rage Maka?

Mutane da yawa ba su san adireshin Gmail ɗin da ke kan wayarsu ba. Ranar da aka sayo ta, yaron shago ne ya buɗe shi cikin gaggawa, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a baki, ya miƙa wa mai ita. Ba a sake tuna zancen sai an sace wayar ko ta faɗa ruwa. A lokacin ne lambobin abokan ciniki, hotunan biki da hirarrakin WhatsApp na shekaru suke gagarar mai su.

Waya kuɗi ke mayar da ita, amma asusu sai da hujja. Da kalmar sirri, lambar waya da imel na biyu Google da Facebook suke gane ka. WhatsApp kuwa lambobi 6 yake turawa ta saƙo, duk wanda ya shigar da su ya zama mai asusun. Shi ya sa 'yan damfara ke bugo waya su ce an sa ka a taron ƙungiya, ka karanto musu lambobin da suka shigo yanzu.

Shi kansa layin ba shi da tabbas. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar NIN a Najeriya, kuma a 2024 an rufe layuka masu yawa saboda rashin yin hakan. Wanda yake amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan wani, in ya ɓata, dawo da shi sai da mai sunan. Layin da aka daɗe ba a taɓa ba ma, kamfani na iya sayar wa wani lambar. Haka Google ya sanar a 2023 cewa zai iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba.

Rigakafin ba shi da tsada. Ka canza kalmar sirri da hannunka, ka rubuta ta tare da adireshin a littafin da ke ajiye a gida. Ka sa lamba da imel na ko-ta-kwana. Google na ba da lambobin ajiya guda 10, kowace a yi amfani da ita sau ɗaya, don ranar da layi ba ya hannu. A WhatsApp, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, sannan ka sa hirarraki su riƙa tafiya Google Drive ko iCloud. Ka riƙa duba ranar ajiya ta ƙarshe, domin in gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta suka cika, ajiyar tsayawa take. Katin memori kuwa tare da wayar ake sace shi, don haka muhimman takardu a kwafe su a filashi ko kwamfuta.

Gwajin mai sauƙi ne: ka buɗe imel ɗinka a wata na'urar da ka amince da ita, sannan ka fita. In ka kasa shiga, ka gyara yau, tun wayar tana hannunka.