Fitilar da ta ƙi mutuwa da rana

A satin farko da na sayi motata, Camry ƙirar 2012, ban taɓa tashi daga Birnin Kudu na isa Gwaram ba sai wani ya yi mini ishara a hanya. Mai babur ya buɗe yatsu ya rufe, direban Golf ya walƙa mini fitila, mai rake a bakin titi ya ɗaga murya: “Alhaji, wutarka a kunne take!” Na murɗa makunnin ta kowace fuska, fitilun gaba ba su mutu ba. Da na tayar da inji na kama hanya sai su kama da kansu, ko da rana tana tsaka.

Kawuna, wanda ya yi shekaru yana jan Peugeot 504 a hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya ce wayoyi ne suka haɗu, in kai wa mai wayarin ya nemo ya yanke. A zamaninsa wannan ita ce shawarar da ta dace, don a 504 waya ce kawai ke haɗa makunni da fitila. Abin da bai sani ba, ni ma a lokacin ban sani ba, shi ne lafiyar motar ƙalau. Umarni take bi. A Kanada aka fara sayar da ita, inda doka ta wajabta wa sababbin motoci fitilar rana tun ƙarshen 1989, saboda dusar ƙanƙara da duhun hunturu. Ta ƙetare teku, ta sauya hannu, ta zo kudancin Jigawa, amma ba wanda ya gaya mata ta bar can.

Wanda ya fahimtar da ni wani matashi ne mai gyaran wutar mota a nan Birnin Kudu, da ya yi koyo a Kano ya dawo gida. Bai ɗauko filaya ba. Ya durƙusa gefen direba, ya lalubo wata 'yar kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ya jona mata waya, ya haɗa da wata tsohuwar kwamfutar cinya da ya ɗora a kan kujera. Sunan wannan kafa OBD-II. Amurka ce ta wajabta ta ga duk motar da za a sayar a ƙasarta daga ƙirar 1996, don a riƙa sa ido kan hayaƙin da inji ke fitarwa. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur, sannan a 2004 ga masu dizal. Shi ya sa kusan duk motar da muke kira 'yar Kwatano ko Beljiyam a yau tana da ita.

Mu dai mun saba cewa birenbos, kamar ƙwaƙwalwa ɗaya ce a mota. Amma allon ya nuna mini jerin kwamfutoci: ta inji daban, ta giya daban, ta birki, ta jakar iska, ta esi, sai kuma wadda ke kula da jikin mota, wato fitilu da ƙofofi da gilasai da rimot. Dukkansu suna magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, a kan wani tsari da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Idan ka murɗa makunni, saƙo kawai ka aika. Kwamfutar jikin ce za ta duba abin da aka rubuta mata, ta kunna ko ta ƙi.

Sau da yawa kamfani ba ya ƙera wa kowace ƙasa kwamfutarta. Iri ɗaya yake yi, sai ya buɗe wasu abubuwa ya kulle wasu gwargwadon dokar kasuwar da motar za ta. Sauya waɗannan zaɓuɓɓuka shi ne abin da masu sana'ar ke kira kodin. Kowane gida da manhajarsa: Techstream ta Toyota ce, HDS ta Honda, VCDS ta dangin Volkswagen da Audi, FORScan ta Ford da Mazda. Akwai kuma sikana masu cin kowane gida, irin su Launch da Autel, waɗanda aka fi gani a garejin Kano. Ƙaramin abin nan ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu yana karanta laifin inji ya goge shi, amma a yawancin motoci iyakarsa ke nan.

Da ya buɗe shafin zaɓuɓɓukan, na ja benci na zauna, don abin ya ja hankalina fiye da fitilar da ta kawo ni. Ga batun kulle ƙofa: ko ta kulle kanta da zarar an cire giya daga P, ko sai mota ta kai kamar kilomita 20 a awa, ko kuma kada ta kulle sam. Ina da yara uku da ke zama a baya, ƙaramar ba ta barin mariƙin ƙofa, don haka na ce ta kulle tun daga cire giya. Ga batun rimot: dannawa ɗaya ta buɗe ƙofar direba kaɗai, ko ta buɗe duka. Ga ƙarfin ƙarar da take yi idan an kulle, wadda na sa aka rage saboda maƙwabta idan na dawo da dare. Ga kuma daƙiƙun da fitila za ta yi a kunne bayan an kashe inji an fita: 30, 60 ko 90. Mutumin Kanada an yi masa wannan ne don ya ga hanyar shiga gidansa a kan ƙanƙara. Ni buƙatata ta fi tasa, don a ƙofar gidanmu na Gwaram akwai kwata, kuma ba kullum ake samun lantarki ba.

Sai muka zo kan fitilar rana. Ya ɗora yatsa ya ce, “Malam, in kashe?” Na ce ya dakata. Na tuna safiyar Janairu a hanyar Kwanar Huguma, lokacin da hazo ke sauka har ba ka gane motar da ke tahowa sai ta kusa, balle idan launin toka ce. Fitilar nan ba don in ga hanya take ba, don a gan ni ne. Na ce ya bar ta. Har yau ana yi mini ishara, ni kuma ina ɗaga hannu in gode.

Wani abu da matashin ya yi kafin ya taɓa komai shi ne ya sa na amince da shi. Ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, ya rubuta yadda ya tarar da saitin a takarda ya ba ni. Ya kuma auna batir tukuna. Ya ce sauya zaɓi ƙaramin aiki ne, amma akwai babbansa, wato sake rubuta manhajar kwamfutar gaba ɗaya, kuma idan batirin mota ya yi sanyi ko kwamfutar cinyar ta mutu ana tsakiyar wannan, ƙwaƙwalwar kan iya sumewa ta ƙi farfaɗowa. Daga nan sai tafiya kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman wata, a dawo kuma a sha aikin haɗa ta da makulli, don motar ba za ta tashi da makullin da ba ta sani ba. Yawancin wayoyin da ke hannun masu gyara kwaikwayo ne masu araha, wasu suna aiki lafiya, wasu suna yanke magana a tsakiya. A motocin Volkswagen na baya-bayan nan ma saitin dogon layin lambobi ne da haruffa, kuskuren ɗaya ya isa ya kashe maka waifa ko sigina. Tsofaffin Golf 3 da ke lodi a tashoshinmu ba su da abin sauyawa da yawa, shi ya sa direbobinsu ba su cika damuwa da zancen ba.

Abin da ke damuna shi ne na'urar da ta gyara mini ƙofa ita ce dai ake rufe wa mota baki da ita. Direbobi da yawa abin da suke fara roƙo shi ne a kashe musu ƙarar bel. Hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ɗaura bel tun 2003, amma ba don tsoron tara nake faɗa ba. Duk wanda ya taɓa zama a sashen gaggawa na babban asibitin tarayya da ke Birnin Kudu ya ga abin da hanyar nan ke kawowa. Jakar iska ma an tsara ta ne a kan cewa mutum yana ɗaure. Wanda bai ɗaura ba, tana iya ji masa ciwo.

Sai kuma masu sayarwa. Wutar cek ta kama, an jona sikana ta nuna P0420, wanda sau da yawa ke nufin indomin salansa ya mutu ko an cire shi an sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Maimakon gyara, sai a goge lambar da safe a kai motar kasuwa da rana. Bayan kwana biyu wutar ta dawo a hannun mai saye. Wasu sukan mayar da maleji baya. Wasu sukan ɓoye wutar jakar iska a motar da ta yi haɗari aka liƙe sitiyarinta babu komai a ciki. Wannan algus ne, daidai da zuba tsakuwa a buhun gero, kuma na ƙarshen yana iya cin rai.

Mai saye yana da abin yi. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: wutar cek da ta ABS da ta jakar iska dole su kama. Ta jakar iska za ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, ta cek kuma sai inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Sannan ka je da mai sikana naka, ba na dillali ba, ka ce ya duba ko gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sun kammala. Idan ba a daɗe da goge laifi ba, za su nuna ba su shirya ba, don sai an yi tafiya mai ɗan nisa suke cika. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba, ita ma tana buɗe tarihin motocin da suka fito daga Amurka da Kanada a intanet, har da malejin da aka rubuta kafin su hau jirgin ruwa. Kada kuma a manta motar Amurka da mil take ƙirga: dubu 100 a allonta ya haura kilomita dubu 160.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan zuwana wajen mai gyaran na ɗauko Inna daga Birnin Kudu, muka isa Gwaram bayan isha'i, unguwa duhu ƙirin. Na kashe mota, na zagaya na buɗe mata, na kulle. Fitilun suka tsaya a kan ƙofar zaure. Ta tsallake kwatar a hankali da sandarta, ta waiwayo ta ce, “Kai, ka manta wutarka.” Na ce, “Inna, ke take jira.” Sai da ta shige soro sannan fitilun suka mutu.