Ginin da Ake Somawa Tun Ciki Bai Fito Ba

A Shinaka da ƙauyukan Goronyo, mace takan ɓoye ƙaramin ciki wata uku ko huɗu kafin ta je awo, wata don kunya, wata don gudun baki. Kafin nan kuwa an daɗe da aza harsashin ƙwaƙwalwar jaririn. A mako na uku da shigar ciki, wani siririn faifai na ƙwayoyin halitta yakan bayyana a bayan ɗan tayi, ya naɗe kamar tabarma, ya zama bututu, ya rufe wajen kwana 28. Ƙwayoyin da ke bangon bututun nan su ne uwayen ƙwaƙwalwa da laka.

Uwayen iri ɗaya ne, 'ya'yansu kuwa kala-kala, kuma wuri da lokaci ne ke raba musu aiki. A laka, na ɓangaren ciki sukan sami wani sinadari da yawa, su zama masu motsa tsoka, na ɓangaren baya kuma su zama masu karɓar saƙon taɓi da zafi. A ɓawon ƙwaƙwalwa mai hawa shida, 'ya'yan fari ne ke zama ƙasa, ƙannensu su bi zaren jikin uwar su hau, su tsallake yayyensu, su zauna sama. Sai daga baya uwar ta koma haifar ƙwayoyin da ke yi wa jijiyoyi hidima. Kowane aiki da ranarsa, kamar dashen albasa a fadamar Goronyo, in ya wuce ya wuce.

Shi ya sa ake son mace ta soma shan ƙwayar folik asid da wuri. Wani zai ce kakanninmu sun haihu lafiya ba su sha ƙwaya ba. Gaskiya ne ga mafi yawansu, wake da gyaɗa da alayyafo ma suna ɗauke da sinadarin folik da bututun ke buƙata. To amma idan bututun bai rufe ba, sai a haifi jariri da ƙullutu a gadon baya, sau da yawa kansa na tara ruwa yana kumbura. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna iya rufe wurin, amma jijiyar da ta lalace ba ta dawowa. Wani bincike da Birtaniya ta jagoranta ya nuna a 1991 cewa folik asid ya rage maimaituwar matsalar da kusan kashi 70 cikin ɗari ga matan da suka taɓa samunta.

Ƙwayar ba ta da tsada, maikirogiram 400 a kullum, sai dai tun kafin ciki ya shiga ake soma ta. Maigida, kada ka jira ranar awo, ka sayo wa amarya tun tana ɗakinta.